Dizal Mai Sabuntuwa da Matsayinsa a Ƙasar Kelle

Dizal mai sabuntuwa man inji ne da ake tacewa daga man tsirrai, ko kitsen dabbobi, ko tsohon man suya, maimakon ɗanyen man da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. A Turai an fi saninsa da haruffan HVO. Idan an gama tace shi, kusan babu maraba tsakaninsa da gazuwal ɗin gidan mai, wanda a Najeriya ake kira gas ko dizal. Ana zuba shi a tankin babbar mota ko bas ko janareta, zallansa ko a gauraye da na ƙasa, ba tare da bakanike ya kwance ko noti ɗaya ba. Shi ya sa hukumomi da kamfanonin da ke da motoci masu yawa suka riga kowa karɓarsa. Ba a sayar da shi a gidajen man jihar Damagaram, inda Kelle take. Amma tambayar da yake tayarwa, wato ko ƙasa mai ƙarancin damina za ta iya noma man da injinanta za su sha, ta daɗe ana yin ta a Sahel.

Iri uku da ake rikitawa

Akwai hanyoyi uku na shayar da injin dizal man tsiro, kuma yawancin gardamar da ake yi a kan wannan batu daga haɗa su wuri ɗaya take tasowa.

Ta farko ita ce a matse iri, a tace man da ƙyalle ko matata, a zuba wa inji yadda yake. Injin zai tashi, zai kuma yi aiki. Sai dai ɗanyen man tsiro ya ninka gazuwal kauri sau goma ko fiye, don haka ba ya feshuwa da kyau a cikin inji, ba ya ƙonewa ƙurmus, kuma a hankali yana barin baƙin dasƙare a bakin nozul da zoben fistin. Tsofaffin injina masu juyawa a hankali, irin samfurin Lister da ake ƙerawa a Indiya ana niƙa da su a ƙauyuka, suna jure shi. Injin motar zamani ba ya jurewa.

Ta biyu ita ce bayodizal. Ana ɗumama man, a zuba masa sinadarin metanol, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, da ɗan soda, a yi ta juyawa, sannan a bar shi ya kwanta. Gilisarin mai kauri ya sauka ƙasa, man da ya tsinke ya taso sama, a wanke shi a busar. Aikin ɗan'uwan dahuwar sabulu ne, har ma idan ruwa ya shiga man ko soda ta yi yawa, sabulun ake samu a gindin tukunya. Ana iya yin sa a ƙaramin shago da ganguna biyu ko uku. Aibinsa shi ne har yanzu akwai oksijin a jikinsa: yana jan danshi, yana lalacewa idan ya daɗe a ajiye cikin zafi, yana tausasa tsofaffin robobin inji, yana kuma tayar da dattin da ya kwanta a tanki ya kai shi ya toshe filta. Saboda haka galibi gauraya shi ake yi. A Turai gazuwal na kowa da kowa yana ɗauke da shi har kashi 7 cikin 100, a Amurka ana kaiwa kashi 20.

Ta uku ita ce dizal mai sabuntuwa, kuma wannan aikin matatar mai ne, ba na shago ba. Ana tura man cikin tukunyar ƙarfe mai zafin digiri 300 zuwa 400, ƙarƙashin matsi mai tsanani, tare da iskar haidurojin. Haidurojin ta fizge oksijin ɗin, ya fita a matsayin ruwa da iskar kabon, a samu iskar gas ta girki a gefe, abin da ya rage kuwa mai ne garai, fari kamar ruwa, kusan ba shi da wari. Ba shi da farar wuta, wato sulfa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Yana saurin kamawa a cikin inji: a ma'aunin sitan yana tsakanin 70 da 90, alhali ƙa'idar gazuwal a Turai daga 51 ta fara. Ya ɗan fi gazuwal rashin nauyi, don haka lita ɗaya tasa ba ta kai lita ɗaya ta na ƙasa nisa ba, amma gibin kaɗan ne. Yana shekaru a ajiye bai ɓaci ba.

Tarihi

A baje kolin duniya na birnin Paris a 1900, shekara ɗaya bayan Faransawa sun ci Damagaram, an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa. Rudolf Diesel, wanda ya ƙirƙiro injin dizal, da kansa ya ba da labarin daga baya, ya ce gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, don tana tunanin ƙasashen da ta mallaka a Afirka, inda gyaɗa ke da yawa amma babu gawayin kwal ko man ƙasa. A 1937 wani masani ɗan Beljiyam, Chavanne, ya yi rajistar hanyar tsinka manja da barasa, a shekarar da ta biyo baya kuma aka gwada man a wata bas tsakanin Brussels da Louvain. Arhar man ƙasa bayan yaƙin duniya na biyu ta sa aka jingine maganar har zuwa tashin farashin mai na shekarun 1970.

Dizal mai sabuntuwa irin na yanzu ya shiga kasuwa ne a 2007, lokacin da kamfanin Neste na ƙasar Finlan ya buɗe sashen tace shi a matatarsa ta Porvoo. Ya ƙara manyan matatu a Singafo a 2010 da Rotterdam a 2011. A Amurka matatar Diamond Green Diesel ta fara aiki a jihar Luwiziyana a 2013. Daga nan kamfanonin man ƙasa suka gano cewa tsohuwar matatar da ta daina kawo riba ana iya juya ta: Eni ya juya ta Venice a 2014 da ta Gela a 2019, Total ya juya ta La Mède a kudancin Faransa a 2019. A farkon 2023 ƙarfin matatun dizal mai sabuntuwa a Amurka ya zarce na bayodizal.

Masu motoci da yawa

Mai mota ɗaya yana shan mai duk inda ya samu. Hukuma ko kamfani mai motoci ɗari yana da tankinsa a gareji, yana sayen mai da kwangila, yana da littafin gyara. A irin wannan wuri canza mai shawarar mutum ɗaya ce, kuma ana iya auna sakamakon. Birnin San Francisco ya mayar da motocinsa masu shan dizal kan wannan mai a 2015, haka ma maƙwabcinsa Oakland. Birnin New York ya bi sahu daga ƙarshen 2023 da motocin kwasar shara da sauran manyan motocinsa. A jihar Kalifoniya, inda dokar rage kabon a man sufuri ta fara aiki a 2011, fiye da rabin dizal ɗin da aka sha a 2023 daga tsiro da kitse ya fito. Jamus ta halatta sayar da zallansa a gidajen mai a 2024.

Abin da ya ja hankalinsu a fili yake. Sayen motoci masu lantarki yana cin kuɗi da shekaru, kuma babbar motar da aka saya jiya tana da sauran shekara goma sha biyar a gaba. Da wannan mai motar tana nan, direban yana nan, bakaniken yana nan. Sai dai ya fi gazuwal tsada wajen yi. Duk inda ya kama kasuwa, gwamnati ce ta cike gibin, ko da rangwamen haraji, ko da dokar da ta tilasta wa dillalan mai rage kabon.

Iyakar tsabtarsa

Idan an ce wannan mai yana da tsabta, tsabta iri biyu ake nufi, kuma ba ɗaya suke ba.

Akwai ta bakin salansa. A tsohon inji marar matatar hayaƙi, gwaje-gwaje sun nuna baƙin hayaƙi yana raguwa da kusan kashi 30 cikin 100, iskar naiturojin mai ƙona huhu kuma da kimanin kashi 10. A sabon inji mai cikakkun matatai bambancin ƙanƙane ne, don matatan sun riga sun kama abin da za a kama. Wato injin da ya fi kowanne amfana da wannan mai shi ne tsohuwar Marsandin da ta gama rayuwa a Turai ta zo tana dakon buhuna a Sahel, man kuwa yana tafiya inda tallafi yake, wajen motocin da ba su cika buƙatarsa ba. A tsohon inji akwai abin lura guda: robobin da suka saba da gazuwal suna iya tsukewa idan an koma wannan mai, famfon mai ya fara ɗiga.

Akwai kuma ta lissafin ɗumamar yanayi. Lita ɗaya ta gazuwal tana sakin kimanin kilo 2.6 na iskar kabon, kuma dizal mai sabuntuwa ma yana sakin kusan haka a salansa. Bambancin shi ne kabon ɗinsa tsiro ne ya zuƙo shi daga iska ba da daɗewa ba. Idan daga tsohon man suya ko kitsen mahauta aka yi shi, ragin yana iya kaiwa kashi 80 ko 90 cikin 100. Idan daga manja ne da aka sare daji aka shuka, ragin yana iya zama babu, ko ma a ci baya. Don haka a 2019 Tarayyar Turai ta sa manja cikin amfanin gona masu haɗarin jawo sarar daji, ta kuma tsara daina ƙirga shi a man sufuri zuwa 2030. Tsohon man suya kuwa ya zama haja mai tsada, ana jigilarsa daga Sin da Malesiya da Indonesiya, har ana zargin wasu da sayar da sabon manja da sunan tsoho.

Kelle da gazuwal

Kelle gari ne kuma cibiyar ƙaramar hukumar karkara a gundumar Gure, arewa da garin Gure, a yankin duwatsun Kutus. Mazaunanta Barebari ne mafi yawa, da Fulani da Buzaye da Tubawa, Hausa kuma tana aiki a kasuwa. Ana noma gero da wake, amma kiwo ne ƙashin bayan arziki. Kwaltar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Diffa, ta Gure ta bi, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram. Daga nan zuwa arewa, wajen Tasker, tafiyar rairayi ce.

A irin wannan hanya inji mai shan gazuwal ne sarki. Direba ya sauka daga kwalta, ya rage iskar tayoyi, ya sa giya mai ƙarfi, allurar mai ta riƙa sauka yana kallo. A bayan kowace Land Cruiser akwai jarkoki a ɗaure, a kan kowace babbar mota akwai ganga. Man da ya kwana a ganga yana tara ƙura da ruwa, shi ya sa ake ɗora ƙyalle a bakin mazurari kafin a zuba, shi ya sa kuma direban da ya san aikinsa ba ya tafiya ba filta a aljihun mota. Ban da motocin kasuwa masu kai dabbobi kudu su komo da hatsi, akwai motar asibiti, da motocin hukuma da na ƙungiyoyin agaji, da injin niƙa, da injin rijiyar burtsatse, da janareta. Waɗannan su ne rukunin injinan yankin, kuma ba su da gareji ɗaya, balle tanki ɗaya.

Gazuwal ɗin kansa ɗan gida ne. Matatar SORAZ, arewa da Damagaram a kan hanyar Tanut, ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana ta ɗanyen man rijiyoyin Agadem. Kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60, gwamnatin Nijar tana da 40, kamfanin SONIDEP kuma ke rarrabawa. Gazuwal ɗin da take fitarwa yakan wuce buƙatar ƙasa, har a 2024 Nijar ta ƙulla yarjejeniyar sayar wa Mali lita miliyan 150 don tashoshin lantarkinta. Gwamnati ce ke yanke farashi: lita ta tashi daga sefa 538 zuwa 668 a watan Agusta na 2022, ta sauko 618 a watan Yuli na 2024. Duk man da zai yi takara da wannan, da wannan farashin zai kara.

Abin da ƙasar za ta iya bayarwa

Gyaɗa ce za ta fara zuwa a rai, domin kudancin Damagaram da Maraɗi ƙasarta ce. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta, an yi masana'antun matsar mai a Matamaye da Magarya da Maraɗi, kafin farin shekarun 1970 da cutar gyaɗa su durƙusar da harkar. Amma a yau Nijar shigo da man girki take yi, manja mafi yawa, kuma litar man gyaɗa ta fi litar gazuwal tsada nesa ba kusa ba. Babu mai hankalin da zai zuba wa mota abin da tukunya ke nema. Riɗi ma haka.

Tsohon man suya, wanda shi ne jigon sana'ar a Turai da Amurka, a nan ba ya taruwa. Mai tuyar ƙosai a tasha ba ta zubar da mai. Tana ƙara sabo a kan na jiya, abin da ya rage a kasko ya tafi miyar dare. Kitsen mahauta kuwa sayar da shi ake yi a ci.

Saura 'ya'yan itatuwan da ba a ci. A nan ne aka fi ɗora buri a kan binidazugu, wanda ake shinge da shi a kudu, kuma 'ya'yansa ke da mai kimanin kashi ɗaya cikin uku. Tsakanin 2005 da 2008 an yi ta yayata cewa yana tsirowa a ƙasar da ta mutu, ba ruwa ba taki. Kamfanin BP ya shiga harkar a 2007 ya fice a 2009. Sanagal ta tsara shuka hekta 321,000 a shirinta na 2007, abin bai je ko'ina ba. Kamfanin Sun Biofuels ya durƙushe a Tanzaniya a 2011 bayan ya karɓi filayen ƙauyuka. Gaskiyar da aka gano da tsada ita ce, itacen yana rayuwa a fari amma ba ya 'ya'yan kirki sai da ruwan sama na milimita 900 zuwa sama. Wuraren da aka ɗan ga amfaninsa su ne irin Garalo a kudancin Mali, inda daga 2007 ƙungiyar Mali Folkecenter ta kafa tashar lantarkin gari da niyyar shayar da ita man binidazugu, kuma can ƙasar damina ce mai yawa. Ƙasar Gure kuwa ruwanta a shekara yana kewayen milimita 300 ne.

Lissafin ba shi da wuya. Babbar mota mai kaya tana shan lita 35 ko fiye a kilomita 100 a kan kwalta. Zuwa Gure daga Damagaram da komowa ya haura lita 110. Ana buƙatar kimanin kilo 4 na 'ya'yan binidazugu kafin a matse lita ɗaya, wato kusan kilo 450. A busasshiyar ƙasa hekta guda ba kasafai take ba da haka a shekara ba. Gonar shekara ke nan a tafiyar kwana ɗaya.

Aduwa ta fi dacewa da yankin, don a nan take tsirowa da kanta, kuma ƙwayar cikin ƙwallonta tana da mai fiye da kashi 40 cikin 100. An gwada yin bayodizal da ita a ɗakunan bincike, ya kuma yi kyau. Sai dai fasa ƙwallon aiki ne mai cin rai, da dutse ake yi ɗaya bayan ɗaya, kuma man abinci ne mai daraja. Kamfanin Sahara Sahel Foods na Damagaram, wanda aka kafa a 2014, yana sayen ƙwallon a hannun matan karkara yana matse man don ci. Wanda ya sayar wa mai girki ya fi wanda ya sayar wa mai mota samu. Dogon yaro yana zubar da 'ya'ya a kowane gari, man nasa mai ɗaci ne ba a ci, amma shi ma sabulu da maganin ƙwari sun fi biyan kuɗinsa. Kwaruruka masu ruwa kusa, inda dabino da goriba da rogo suke, ƙanana ne, yashi kuma yana cin su, ba wurin da za a ba man mota ba ne.

Zurma ce ta kai Afirka cikin wannan kasuwa a zahiri, amma ta ƙofar da aka saba. A 2022 kamfanin Eni ya buɗe masana'antar matsar zurma da angurya da 'ya'yan wani itacen daji a Makueni ta ƙasar Kenya, a watan Oktoba na shekarar kuma jirgi na farko ya tashi daga Mombasa da man zuwa matatar Gela a Italiya. Manomi ya ba da iri, tacewa da sha suna can ƙetare, kamar yadda aka yi da gyaɗa a zamanin dalar Kano.

A ƙa'ida matatar man ƙasa tana iya haɗa ɗan man tsiro da ɗanyen mai a sashen da ke aiki da haidurojin, kuma matatu da yawa a Turai haka suke yi. Ko da an so yin haka a Damagaram, matsalar ba ta injin ba ce, ta abin da za a zuba masa ce.

Abin da ke kusa da hannu wajen rage hayaƙin gazuwal a Sahel ba sabon mai ba ne. A 2016 rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ya nuna dillalan Turai suna kawo wa Afirka ta Yamma gazuwal mai farar wuta da ta ninka ƙa'idar Turai ɗaruruwan sau. A watan Fabrairu na 2020 ministocin ECOWAS suka amince a Wagadugu da iyakar kashi 50 cikin miliyan, alhali ta Turai 10 ce tun 2009. Rage farar wuta, da gyaran nozul, da canza filta a kan kari, suna rage baƙin hayaƙi da kuɗi kaɗan. Injinan da ba sa motsi kuwa, na rijiya da na asibiti da na turakun waya, hasken rana ya riga ya fara karɓe su, kuma rana ita ce abin da Kelle ba ta taɓa rasawa ba.

Dizal mai sabuntuwa mai ne na gaske, ya kuma yi wa biranen da ke da tulin tsohon man suya da baitulmalin da zai biya tallafi amfani. A ƙasar Kelle babu ɗaya daga cikin biyun. Iyakar abin da man tsiro zai iya yi a can shi ne ya juya injin niƙa ko famfon rijiya a ƙauyen da ke da rarar 'ya'yan itace da ba a ci. Motocin da ke bin hanyar Gure zuwa Tasker gazuwal ɗin Agadem za su ci gaba da sha.